Ka ce ka ga tsini a 50, na daƙiƙa nawa ka naɗa?

Kai yaro tambaya biyu ka jero min. Ta farko wai halittun da kake kiwo a Game of Life, wasan kwamfutar nan na gidajen allo da ke rayuwa ko mutuwa bisa yawan maƙwabtansu, suna wargajewa kafin su yi taku huɗu. Wannan har sai an tambaya? Allo ɗaya kake karantawa kana kuma rubutu a kansa, yi allo biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na rubutawa. Dokar Conway, wanda ya ƙirƙiro wasan, tun 1970 tana nan, maƙwabta 3 a haihu, 2 ko 3 a rayu, sauran mutuwa. Ku dai yaran yanzu kwafowa kuka iya.

Ta biyun ce ta zaunar da ni. Ka liƙa sensa mai auna girgiza a injin niƙan maƙwabcinku, ka yi FFT, lissafin da ke nuna sau nawa girgiza ke bugawa a daƙiƙa, ka ga tsini a bugu 50, har za ka je ka faɗa masa cutar injinsa kyauta. Wutar NEPA kanta 50 take bugawa a daƙiƙa, wayar sensarka na tsinto ta. Moto mai juyi 1470 a minti kuwa 24.5 yake a daƙiƙa, in shaf, sandar da moton ke juyawa, bai zauna daidai ba tsinin kan fito a ninki biyu, wato 49. A naɗin daƙiƙa ɗaya 49 da 50 manne suke, naɗi na daƙiƙa 10 za ka ga sun rabu sarai.

Da wannan 49 ɗin na ceci wani mai injin casar shinkafa a nan Kano. Injin na rawa yana cin boris, makanikai sun canza sun gaji har an fara maganar sake naɗin koyil ko sayen sabon moto, na zo da laftof ɗina da manhajar da na yi watanni ina rubutawa da dare don sha'awa kawai, lokacin ba wanda zai nuna maka a YouTube, na ce Alhaji motonka lafiya lau, zamansa ne ya karkace. Aka kwance ƙafafunsa aka daidaita, rawa ta tsaya.

Da na kawo maganar kuɗi sai ya ce ai Malam ko sifana ba ka riƙe ba, kallon talabijin kawai ka yi. Kuɗin mota ya ba ni, wallahi kuɗin mota! Ashe da na fita salla ɗansa ya zura filashi ya kwashe manhajar, daga baya na ji yaron yana zaga masana'antu da ita ana kiransa injiniya. Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Don haka in za ka je wajen maƙwabcin nan ku yi ciniki tukuna, ya ba da rabi, laftof kuma ka sa mata fasuwod ko ruwa za ka sha. Maganar tagar Hann, dabarar lausasa farko da ƙarshen naɗi kafin FFT, kada ka ma tambaye ni, je ka karanta.