Daga Ɗakin Coci a Landan: Yadda Ƙungiyar Samaritans Ta Faro Har Ta Bunƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a Zariya. Kusan kullum idan aka tashi karatu sai wata ta tsaya ta ce tana son magana da ni: rikicin miji, bashi, ko damuwar da ta hana ta barci. An gaya mini akwai wata babbar ƙungiya a Ingila mai sauraren masu damuwa wadda ta faro daga wurin ibada. Yaya aka yi ta faro, kuma akwai abin da za mu ɗauka daga gare ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan nauyi da kike ɗauka. Ƙungiyar da ake nufi ita ce Samaritans, kuma wanda ya kafa ta wani limamin cocin Angilika ne mai suna Chad Varah.

Tushen abin yana cikin shekarar 1935. Varah yana sabon shiga aikin coci a garin Lincoln, jana'izar farko da aka sa shi ya jagoranta ta wata yarinya ce da ba ta kai shekara 15 ba. Ta fara ganin jinin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, ta ɗauka mugun ciwon abin kunya ne ya kama ta, ta rasa wanda za ta tambaya, sai ta kashe kanta. A wancan zamani dokar Ingila tana ɗaukar kashe kai a matsayin laifi, ba a soke ta ba sai a 1961. Ki duba fa: bayanin da bai fi na minti biyar ba, daga uwa ko yaya, da ya isa. Wannan jana'iza ba ta taɓa barin zuciyarsa ba.

Sai da aka shekara 18 kafin ya sami dama. A 1953 aka ba shi cocin St Stephen Walbrook a tsakiyar Landan, unguwar bankuna da ofisoshi inda mazauna ba su da yawa, don haka yana da lokaci. Tunaninsa shi ne, tunda akwai lambar 999 ta kiran 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ya kamata wanda rayuwa ta yi wa zafi ma ya sami tasa. Lambar wayar cocin ita ce MAN 9000, kuma ranar 2 ga Nuwamba, 1953 aka amsa kiran farko. Jaridar Daily Mirror ta buga labarin tana kwatanta shi da Basamariyen nan na cikin Linjila wanda ya taimaki wani baƙo da 'yan fashi suka raunata a hanya, daga nan sunan ya bi su.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so ki riƙe da kyau. Mutane suka yi ta zuwa har suka fi ƙarfinsa, ana layi a bakin ƙofarsa. Wasu 'yan sa-kai suka riƙa zuwa taimako, aikinsu kawai su haɗa shayi su zauna da masu jira. Ba su da ilimin tauhidi, ba likitoci ba ne. Can sai Varah ya lura da yawa daga masu jiran nan suna tashi su tafi gida ba tare da sun gan shi ba, domin sun riga sun amayar da abin da ke cikinsu ga mai ba su shayi, sun ji sauƙi. Da wani malamin ne, da sai ya ji an rage masa girma. Shi kuwa a Fabrairun 1954 ya miƙa wa 'yan sa-kan aikin sauraren, ya koma horar da su da duba waɗanda lamarinsu ke buƙatar ƙwararre. A ganina wannan mataki ne ya raya ƙungiyar, domin da ta rataya a kan mutum ɗaya da ta gaji tare da shi.

Daga nan abu ya yi ta yaɗuwa. An buɗe reshe a Edinburgh a 1959. A 1974 Varah ya kafa Befrienders International domin sauran ƙasashe. A 1991 aka fara horar da fursunoni su saurari 'yan uwansu a gidan yarin Swansea, a 1994 aka fara amsa saƙon imel, a 2015 kuma kiran lambarsu ta 116 123 ya zama kyauta, dare da rana. Varah ya rasu a 2007.

Ko da yake a coci aka haife ta, Samaritans ba ƙungiyar addini ba ce a yau, kuma ba a yarda ɗan sa-kai ya yi wa mai kira wa'azi ko ya tura masa aƙidarsa ba. Wannan ya bar giɓi ga wanda damuwarsa ta cuɗe da imaninsa, kamar matashin da ke tsoron ko Allah ya yi fushi da shi. Shi ya sa a 2001 wani matashi, Mohammed Mamdani, ya kafa Muslim Youth Helpline a Landan, inda masu amsa waya suka san addini da al'adar mai kira amma ba sa yanke masa hukunci. Wannan ya fi kusa da yanayinki.

A wajenmu, da zarar mace ta buɗe baki sai mu tare ta da "ki yi haƙuri, kowa da irin tasa jarabawar." Maganar gaskiya ce, amma idan ta zo da wuri takan rufe bakin mai magana. Ki bar ta ta kai ƙarshe, ko da za ta yi shiru ta yi kuka. Ki tambaye ta, "Sai me ya faru?" Nasiha da addu'a suna da gurbinsu bayan ta ji an fahimce ta. Sannan ki zaɓi mata biyu ko uku masu riƙe sirri su taya ki, domin ranar da magana ɗaya ta fita unguwa, ba wadda za ta sake tsayawa.

Idan wata ta ce ta gaji da rayuwa, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ki sani cewa a mafi yawan jihohin Najeriya yunƙurin kashe kai har yanzu laifi ne a dokance, wannan na sa mutane ɓoyewa, ko da yake Gana ta soke irin wannan doka a 2023. In ta amsa da eh, kada a bar ta ita kaɗai. Ki nemi wani nata da ta amince da shi, a kai ta wurin likita a ranar, ko a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.