Dutsen Bima da duwatsunmu ba iri ɗaya ba ne

Malam, ka tambaya ko Dutsen Bima da ka gani a Gombe irin duwatsunmu ne na Birnin Kudu, kuma ko za a iya samun kuza a cikinsa. Gaskiya asalinsu ya bambanta ƙwarai. Dutsen Bima yashi ne da koguna suka jibge fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, nauyin abin da ya taru a kansa ya danne shi har ƙwayoyin suka manne, shi ya sa idan ka goga guntunsa za ka ji yashi yana zuba a tafin hannunka. Namu kuwa narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa.

Kuza irin wannan narkakken dutsen take bi, kamar na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda mutanen garin suka daɗe suna narka ta tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoninsu suka karɓe haƙar. Saboda haka ban ga dalilin ɓata kuɗi wajen neman kuza a dutsen yashi ba. Amfaninsa ya fi ga gini, wasa wuƙa, da riƙe ruwan rijiya a tsakanin ƙwayoyinsa.