Tambaya da Amsa: Layin lasisi a saman kowane fayil

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Muna da wata 'yar manhaja a GitHub, mun riga mun sa fayil ɗin LICENSE mai ɗauke da sharuɗɗan lasisi a babban folda, sai wani ya ce wai mu sa layin SPDX, wato layin da ke nuna sunan lasisi a taƙaice, a saman kowane fayil, anya wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi shawara ce mai kyau ya ba ku, ku karɓa. Ai mutane ba sa ɗaukar manhaja gaba ɗaya, fayil ɗaya mutum zai kwafa ya kai aikinsa, LICENSE ɗin ya tsaya can a baya, bayan shekara biyu babu wanda ya san sharaɗin da ke kan fayil ɗin balle a san mai shi.

Layi ɗaya ne tak. A Python sai ka rubuta a sama:

# SPDX-License-Identifier: MIT

Shi ke nan, MIT ɗin sunan lasisin ne a wannan misalin, mutum zai gane, na'urar bincike ma za ta gane. Linux Foundation ce ke kula da tsarin, kuma kernel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar Linux, da kansa tun 2017 ya fara sa wannan layi a fayilolinsa.

Inda nake so ka nutsu shi ne lasisin GPL. GPL-2.0-only daban, GPL-2.0-or-later daban, na biyun ya yarda a bi sigar da ta fito daga baya, na farkon bai yarda ba. Kuma don Allah kar ku goge sunan marubuci da shekarar da ke saman fayil, sannan fayil ɗin da kuka aro lasisinsa na asali za ku rubuta, ba naku ba. LICENSE ɗin ma ku bar shi a inda yake.