Me ya sa sifikar waya ke ƙarar gwangwani idan an ƙure ta?

Tambaya: Malam, ina sauraron karatu a shago, janareta na hana ni ji, sai na sauke manhajar ƙara murya. Ƙarar ta ƙaru, amma muryar ta koma kamar ana magana cikin gwangwani, ga tsatsa-tsatsa. Sifikar ce ta lalace?

Amsa: Mai yiwuwa ba ta lalace ba tukuna, amma ka cire manhajar yau.

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska, kuma abu biyu ne a cikinta da mutane ke haɗawa. Girman girgizar shi ne ƙara, ana auna shi da desibel. Yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya shi ne kaifi ko kaurin murya, ana auna shi da hertz. Dubi makaɗin kalangu: idan ya buga da ƙarfi, ƙara ce ta ƙaru, idan ya matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗame, muryar ce ta yi sama ko da bugun bai canza ba.

Kunnen ɗan Adam yana jin daga hertz 20 zuwa wajen 20,000. Kaurin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180, kuma fitar da irin wannan sauti sai an tura iska mai yawa. Fatar sifikar waya ba ta kai farcen babban yatsa ba, don haka dama can kaurin ba ya fita sosai. Manhajar kuwa tana kumbura siginar fiye da iyakar da wayar ke ɗauka, sai a datse kan kowace girgiza. Datsewar nan ce ke haifar da ƙarin sauti mai kaifi wanda babu shi a asalin karatun, shi ne tsatsa-tsatsar da kake ji. In aka daɗe a haka, siririyar wayar tagulla da ke cikin sifikar tana zafi har ta ƙone. Kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfin wuta sau goma. Babu manhajar da za ta ba ƙaramar sifika wannan.

Ka goge ragar sifikar da busasshen buroshin haƙori mai laushi, kada ka soka allura. In wayar na da equalizer, wato wurin daidaita kauri da kaifin sauti, ka rage duk abin da ke ƙasa da hertz 200, ka ɗan ɗaga tsakanin 2,000 da 4,000, inda kunne ya fi ji kuma kalmomi suka fi fita fes. In bai wadatar ba, sayi sifikar Bluetooth. Idan abin sawa a kunne ka koma, ka kula: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 ba ya cutarwa har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na hanzarta wa'azi a kwamfuta, muryar malamin ta zama ta ƙaramin yaro. Amma a WhatsApp ina sa 2x, murya ba ta canzawa.

Amsa: Kin matse girgizar ne kamar kaset da aka juya da sauri: gudu ya ninka, hertz ya ninka, murya ta sirance. WhatsApp kuwa yana yanka sautin gunduwa-gunduwa ya harhaɗa, lokaci ya ragu, hertz na nan. A Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, ki zaɓi Change Tempo maimakon Change Speed. In kuma ba ki canza gudun sautin ba amma murya ta ɗan sirance, duba sample rate, wato sau nawa na'ura ke auna sautin a daƙiƙa ɗaya, ko an naɗa a 44,100 ana kunnawa a 48,000. Wannan kaɗai na ɗaga murya da kusan kashi 9 cikin ɗari.