Wifi ya ɓace bayan sabunta Windows

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Shekaranjiya kwamfutata ta yi mizajur, wato sabunta Windows, da dare, da safe wifi ya ƙi kamawa sam, alhali wayata tana samun rezo lafiya lau a ɗaki guda. Ɗalibi daga Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda waya na kamawa, bar zargin rezo. Fara duba ƴar alamar jirgin sama can ƙasa kusa da agogo, in tana kunne kashe ta, kar ka yi dariya, manya ma tana kama su. In ba ita ba ce to galibi direban katin wifi ne, wato ƴar manhajar da ke sa katin aiki, Windows ya canza da wanda bai dace ba, sai ka danna dama a kan tambarin Windows ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Cartes réseau, ka nemo mai Wireless a sunansa ka danna shi sau biyu, a shafin Pilote ka maido da tsohon. In maɓallin maido da tsohon ya dushe, jona waya da kebul ɗin USB ta ba kwamfutar intanet, ka sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Kuma kar ka yi sanya, in babban mizajur ne kwana 10 kacal Windows ke ba ka ka koma na baya.