Tsohon Filin Yankees da Sabonsa: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka sun shafi filin wasan besbol na ƙungiyar Yankees da ke unguwar Bronx a birnin Niyok, unguwar da 'yan'uwanmu Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma suke zaune da yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, ina zaune a Bronx, kuma daga gidanmu ana hango fitilun filin Yankees. Abokan aikina kullum cikin gardama suke. Dattawan cikinsu suna cewa an rushe musu gida an gina otal, matasan kuwa suna cewa sabon filin ya fi tsohon ta kowace fuska. Me ya sa aka rushe tsohon, kuma wa yake da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An buɗe tsohon filin ranar 18 ga Afrilu, 1923, kuma a wasan farko shahararren ɗan wasan Yankees Babe Ruth ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, irin bugun da ke ba da ci kai tsaye, Yankees ta doke Boston Red Sox da ci 4 da 1, wanda shi ya sa mutane suka riƙa kiran wurin gidan da Ruth ya gina. An yi masa gagarumin gyara a 1974 da 1975, har ƙungiyar ta koma filin Shea na ɗan lokaci, sannan ta dawo a 1976. Bayan shekaru fiye da 80, babu shakka ginin ya tsufa, domin hanyoyin cikinsa matsattsu ne, wuraren sayar da abinci da bayan gida ba sa isar jama'a, kuma a 1998 wani katafaren ƙarfe ya faɗo kan kujera a lokacin da babu kowa a wurin, abin da ya sa aka rufe filin na wasu kwanaki. Matasan da kake aiki da su suna da hujja idan suka ce sabon ya fi sarari da tsafta da sauƙin shiga da fita.

Sai dai tsufa ba shi ne babban dalili ba, domin filin Fenway na Boston da aka buɗe a 1912 da filin Wrigley na Cikago da aka buɗe a 1914 sun girme shi, kuma har yau ana wasa a cikinsu bayan an gyara su. Babban dalili shi ne kuɗin shiga. Tsohon filin yana ɗaukar mutum kusan 57,000, sabon kuwa da aka buɗe a Afrilun 2009 ya fara da kujeru kimanin 50,000, daga baya ma aka rage su, amma ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa sun tashi daga 19 zuwa 56. Wato an rage wurin zaman talaka an faɗaɗa na mai hali. Kujerun da suka fi kusa da 'yan wasa an kewaye su da shinge na siminti wanda ya raba su da sauran jama'a, kuma a shekarar farko an sa wa mafi tsadarsu dala 2,500 a wasa ɗaya. Sakamakon haka duk mai kallo a talabijin ya riƙa ganin kujeru babu kowa a bayan mai bugu, alhali can sama jama'a sun cika, har sai da ƙungiyar ta rage farashin wasunsu zuwa dala 1,250 kafin watan Afrilun ya ƙare.

Akwai kuma abin da ya shafe ku mazauna unguwar kai tsaye. An gina sabon filin ne a kan wuraren shaƙatawa na jama'a, musamman Macombs Dam, inda yaran unguwa suke guje-guje da wasanni, kuma an fara aikin a Agustan 2006. Filayen da aka yi alkawarin mayarwa ba su samu da wuri ba, domin filin Heritage da aka shimfiɗa a gurbin tsohon ginin sai a 2012 aka buɗe shi. Ƙididdigar da aka fi ambata ta kai jimillar kuɗin aikin dala biliyan 2.3, kuma kusan rabin wannan tallafin hukuma ne ta hanyar fili da rangwamen haraji da ayyukan da ke kewaye. A ganina dattawan sun fi kusa da gaskiya. Ƙungiyar da take cikin mafi arziki a duniyar wasanni bai kamata ta karɓi filin yaran unguwar da take cikin mafi talauci a birnin ba, sannan ta sa farashin da iyayen waɗannan yaran ba za su iya biya ba.

TAMBAYA: Malam, ni daga Kano nake rubutowa, kuma a intanet nake bin wasan. Na ga hotunan manyan mutane suna kuka a ranar da aka rufe tsohon filin. Me ya faru a wurin da har gini zai sa dattijo hawaye?

AMSA: Ranar da kake nufi ita ce 21 ga Satumba, 2008, lokacin da Yankees ta ci Baltimore Orioles 7 da 3, sannan kyaftin ɗinta Derek Jeter ya karɓi makirufo ya yi wa 'yan kallo jawabin bankwana a tsakiyar fili. Domin ka fahimci hawayen, sai ka tuna cewa kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, 81 daga ciki a gida, don haka akwai mutumin da mahaifinsa ya fara kai shi yana yaro, shi ma ya kai ɗansa, a kujera ɗaya da maƙwabta ɗaya, shekara da shekaru. Abin da yake yi wa kuka shi ne mahaifin da ya rasu da wurin da suka zauna tare.

Tarihin da aka kafa a wurin kuma yana da yawa. A nan ne tauraron Yankees Lou Gehrig, bayan cutar jijiyoyi ta tilasta masa barin wasa, ya tsaya ranar 4 ga Yuli, 1939 ya gaya wa jama'a cewa yana ɗaukar kansa mutumin da ya fi kowa sa'a a doron ƙasa, kuma bai kai shekara biyu ba ya rasu. A nan ne Don Larsen ya yi jifa a wasa ɗaya na gasar ƙarshe ta cin kofi (World Series) ta 1956 ba tare da ko mutum ɗaya daga abokan hamayya ya kai tashar farko ba, wato ta farko cikin tashoshin da mai bugu yake bi kafin ya ci maki, abin da ba a sake yi a gasar ƙarshe ba har yau. A nan ne Reggie Jackson ya tsallakar da ƙwallo katanga sau uku a wasa ɗaya a gasar ƙarshe ta 1977. Mu ma muna da namu rabon a cikin wannan tarihi, domin a wannan fili Muhammad Ali ya kara da Ken Norton a karo na uku a Satumban 1976 ya yi nasara da maki bayan turmi 15, kuma a nan Nelson Mandela ya yi wa dubban mutane jawabi a Yunin 1990, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku, sanye da hula da rigar ƙungiyar.

Abin da ya fi taɓa ni a cikin labarin shi ne na mai sanarwa Bob Sheppard, wanda ya riƙa kiran sunayen 'yan wasa a lasifika tun daga 1951 har 2007. Rashin lafiya ya hana shi yin sanarwa a sabon filin ko sau ɗaya, kuma ya rasu a 2010, amma Jeter ya nemi a ci gaba da sa muryarsa da aka naɗa a duk lokacin da zai fito bugu, aka yi hakan har ya yi ritaya a 2014. Dole ne kuma a yi wa sabon filin adalci, saboda shi ma ya fara tara nasa abubuwan tunawa. A shekararsa ta farko Yankees ta ci kofinta na 27 a kan Philadelphia Phillies, inda Hideki Matsui ɗan Japan ya zama gwarzon gasar, kuma a cikinsa Jeter ya cika bugun nasara na 3,000 a rayuwarsa ta wasa a Yulin 2011.

TAMBAYA: Shin gaskiya ne cewa sabon filin ya fi sauƙin tsallakar da ƙwallo katanga? Mai karatu ne daga Yamai.

AMSA: A kan takarda tsawon filayen biyu ɗaya ne, ƙafa 314 zuwa kusurwar dama, 318 zuwa ta hagu, 408 zuwa tsakiya. Amma katangar dama ta sabon ta miƙe inda ta tsohon ta lanƙwasa, kuma ba ta kai ta tsohon tsayi ba, don haka a wasu wurare ta matso kusa. A 2009 an tsallakar da ƙwallo fiye da sau 200 a filin, kuma masu bugu da hagu su ne suka fi cin moriyar wannan tsari.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Bronx, ɗana mai shekara goma ya matsa mini sai na kai shi kallon Yankees, amma da na duba farashi sai gabana ya faɗi. Akwai hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai shiga?

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma ina ƙarfafa miki gwiwa ki kai shi, domin yaron da ya tashi a inuwar filin yana da haƙƙin ya ga cikinsa. Farashin tikiti ba tsayayye ba ne, yana hawa da sauka gwargwadon ranar wasa da ƙungiyar da ta zo. Ki guji wasan buɗe kaka da wasannin Red Sox da Mets da Dodgers da na watan Oktoba, ki nemi na tsakiyar mako a Afrilu ko Mayu, musamman idan baƙuwar ƙungiyar ba ta da magoya baya da yawa a birnin. Tikiti yanzu a waya yake, ana saye a shafin ƙungiyar ana nunawa a manhajar MLB Ballpark a bakin ƙofa, kuma masu tikitin kaka da ba za su halarta ba sukan sayar da nasu a shafuka irin su StubHub da SeatGeek, inda farashi yakan faɗi idan lokacin wasa ya matso. Ki lura da kuɗin hidima da ake ƙarawa a ƙarshe kafin ki biya, kuma kada ki sayi tikiti a hannun masu tallarsa a bakin titi, saboda ba ki da hanyar tabbatar da ingancinsa.

Wuraren zama mafi araha biyu ne, bene na sama da bencin da ke bayan katanga. Bencin shi ne inda tsofaffin magoya baya suke, musamman sashe na 203, waɗanda a zagayen farko suke kiran sunayen 'yan wasan da ke tsaron fili ɗaya bayan ɗaya da tafi har sai kowanne ya ɗaga musu hannu, al'adar da suka taho da ita daga sashe na 39 na tsohon filin. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma bencin ba shi da majingina, babu inuwa, kuma bakin wasu ba ya da linzami idan wasa ya yi zafi. Ga uwa da yaro na fi son bene na sama ta bayan mai bugu, inda ake ganin filin gaba ɗaya, kuma ki tambayi sassan da aka keɓe waɗanda ba a shan giya a cikinsu.

Abinci a ciki yana da tsada sosai, amma an yarda mutum ya shiga da nasa da ruwan roba wanda ba a buɗe ba, sai dai ki duba ƙa'idar girman jaka a shafin ƙungiyar kafin ku fita. Kada ki shiga wahalar ajiye mota, domin jiragen ƙasa masu lamba 4 da D suna tsayawa a tashar titi na 161, daf da ƙofa. Tun da aka sa agogon da ke iyakance lokacin mai jifa a 2023 yawancin wasanni ba sa kai awa uku, don haka wasan rana na Asabar ko Lahadi zai ba ku damar komawa gida kafin magariba, ko da yake yakan fi na tsakiyar mako tsada kaɗan. Idan ruwan sama ya sa aka ɗage wasan kada ki share tikitin daga wayarki, domin yawanci da shi ake shiga a ranar da aka sake sanyawa. Ku yi ƙoƙari ku isa da wuri, saboda ana rufe Monument Park, wurin tunawa da gwarazan ƙungiyar da ke cikin filin, kafin a fara wasa, kuma a can ne yaron zai ga allunan Ruth da Gehrig da lambobin rigunan da ƙungiyar ta daina bai wa kowa.