Ƙanwata, ki rage amma kada ki yanke

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar nan taki kamar a bakina kika ɗauke ta. Kin ce bana kika samu fili a lambun haya na kansil, kika kuma saba da iyo a tafkin mata na Hampstead Heath a nan Landan duk tsawon lokacin zafi, yanzu Oktoba ta shigo, kuɓewa ta yi baƙi, ruwan ya fara cizo, maigida da Hajiyarku sun haɗa baki wai ki tattara komai sai Afrilu in da rai. Ni dai tawa amsar ita ce ki rage, amma kada ki yanke. Na taɓa yankewa, ba da son raina ba, kuma ko maƙiyina ba na yi masa fatan irin hunturun da na yi a shekarar.

Rasuwar Baffanmu ce ta kai ni gida a ƙarshen Satumba. Na bar rama ta kawo mini ƙirji, yakuwa ta yi jajir, alayyahu kuwa da gangan na bar shi ya fitar da kai don in samu iri. Irin nan wata dattijuwa 'yar Zariya ce ta ba ni shi a ƙulle cikin leda, kin dai san wahalar samun namu a ƙasar nan. Kafin in tafi sai da na samu sakataren lambun baki da baki na ce masa rasuwa aka yi mini. Ya yi mini ta'aziyya irin tasu, har da sunkuyar da kai. Ina dawowa, abin da na fara tararwa a bakin ƙofa wasiƙa ce: wai an zagaya duba filaye, an ga nawa ciyawa ta cinye shi, in ban gyara cikin wata guda ba za a ba wani. Ciyawa fa! Ko akwatina ban kwance ba na nufi lambun. Sai na iske maƙwabcin filina ya sa injin yankan ciyawa ya aske ramar da alayyahun ƙasa-ƙasa, yakuwar ma bai bar ta ba. Wai taimakona ya yi. Wai 'ya'yan ciyawar za su zubo masa cikin dankalinsa.

Mutumin nan da hannuna na sha tsinkar masa attarugu. Ya sha tsayawa a bakin iyaka yana tambayata mene ne wannan mai jan kara, ina ce masa miya muke yi da shi. Ya sani sarai. Na kifa bokiti na zauna a kai, kukan da ban samu na yi a gidan makoki ba saboda hidimar baƙi, a nan na yi shi, ruwan sama yana dukana. Shi kuma yana can yana ɗaure wakensa kamar bai ga mutum ba. Da aka yi taron kwamiti na je na yi bayani, sakataren ya ce shi ya manta na faɗa masa, suka janye wasiƙar, shi ke nan. Babu wanda ya buɗe baki ya ce ki yi haƙuri. Wata ma cewa ta yi ai da na shuka abin da mutane suka sani da haka ba ta faru ba. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji wuyana ya cushe. Allah ne masanin abin da ke zuciyar maƙwabcin nan, amma ni na bar shi da Allah, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

To daga ranar na ɗauke ƙafa. Lambu ban koma ba, ruwan ma na daina. Aka mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, magariba ta dawo wajen huɗu da rabi, kafin Disamba tun huɗu ba ta yi ba an sha ruwa in azumi kike. In fita aiki da duhu, in dawo da duhu, in zauna jikin hita ina kallon bango. Yara su yi mini magana in yi musu tsawa ba dalili. Sai a Fabrairu likita ta auna jinina ta ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa sosai. Af, wannan kam ki fara sha tun yanzu, ko kina fita ko ba kya fita. Hukumar lafiya ta NHS tana cewa maikrogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu duhun fata kuma an ce mu duba yiwuwar sha duk shekara, don ranar ƙasar nan daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi. Da na koma lambun a Afrilu, ciyawar gaske ce ta tare ni, mai jijiya irin ta ƙiri-ƙiri, wadda ko guntun saiwarta kika bari sai ta sake tsirowa. Shekarar a haƙa ta ƙare.

Shi ya sa nake ce miki ki kafa wa kowane fangali ɗan katako ki rubuta sunan abin da ke ciki da harshensu. Ki kuma ɗauko takardar yarjejeniyarki ki karanta, yawanci suna rubuta kason filin da dole a gan shi a nome, ga mutane a kan layin jira shekara da shekaru a Landan, kwamiti ba ya jin kunyar kore ki. In za ki yi tafiya ki rubuta musu a rubuce. Baki da baki ba ya aiki a nan.

Kayan miyar gida da kika shuka kuwa ki haƙura da su, lokacinsu ya wuce. Kuɓewar da ta yi baƙi ba taki take nema ba, sanyi ne, ki tuge ta. Yakuwa ki tsinke ganyen duka ki busar ko ki sa a firiza, kada ki zauna jiran zoɓo. Ita sai yini ya gajarta take fure, a nan kuma kafin yinin ya gajarta sanyin da zai kashe ta ya iso. Daren farko da raɓa ta daskare, da safe za ki same ta a kwance, kuma a wajenmu tsakanin ƙarshen Oktoba ne da Nuwamba, 'yan uwanmu na Leeds da Glasgow suna riga mu. Kabewa ki yanko ta da guntun hannunta kafin daren nan, ki ajiye a wuri mai ɗumi kamar kwana goma fatar ta yi tauri, za ta kai ki watanni. Tumatir ɗanye ki zuba a jakar takarda tare da ayaba nunanniya. Attarugu ne kaɗai nake yi wa gata: in haƙo shi in sa a tukunya, in rage masa rassa, in ajiye a taga, ruwa kaɗan-kaɗan. Zai yi kamar ya mutu, ki ƙyale shi, baɗi zai riga sabon shuka 'ya'ya.

Batun ruwan shi ne ya fi damuna da ke, don nan ne ganganci yake kisa. In za ki ci gaba, to ci gaban ne maganin: sau ɗaya ko biyu a mako ba fashi, jikinki yana sauka tare da ruwan. Wadda ta daina a Satumba ta dawo a Disamba don ta ga hoton ƙawarta a Instagram, ita ce ake tsamowa. Ki riƙa duba allon da suke rubuta sanyin ruwan kafin ki cire ko takalmi. Masu ceton mutane a ruwa na ƙungiyar RNLI suna cewa daga digiri 15 zuwa ƙasa ruwa yana iya fizge wa mutum numfashi, zuciya ta hau bugu, ki ja iska ba da niyya ba, in kanki yana cikin ruwa a lokacin to ruwa kika shaƙa. Abin yana lafawa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saboda haka babu tsalle. Ki bi tsani a hankali, ki riƙe shi kina fitar da numfashi dogo har ƙirjinki ya kwanta, sannan ki saki. In kika ji tsoro ya kama ki a tsakiya, ki kwanta rigingine ki buɗe hannu da ƙafa har numfashin ya dawo. Tafkin nan a Janairu yana sauka ƙasa da digiri 5, a lokacin ba iyo ake yi ba, tsoma jiki ne a fito.

Za ki ji wasu suna cewa minti ɗaya ga kowane digiri. Ni ban yarda da lissafin nan ba, jiki ba ɗaya ba ne, ranar da ba ki yi barci ba ma daban take da ranar da kika yi. Ki fito tun kina jin daɗin ruwan. In yatsunki suka fara ƙin haɗuwa, kin riga kin daɗe. Kuma sanyin gaske ba a cikin ruwa yake kama mutum ba, sai kin fito da kamar minti goma, jiki ya ci gaba da yin sanyi ta ciki, haƙora su hau kaɗawa, ki kasa sa maɓalli. Don haka ki jera kayanki tun kafin ki shiga, ki tuɓe jiƙaƙƙun nan take, ki fara rufe ƙirji da kai, kaya masu faɗi marasa maɓalli, ga shayi mai citta da kanumfari a filas. Kada ki ruga wanka da ruwan zafi a take, yana sa jiri har mutum ya faɗi. Kada ki kama tuƙi sai karkarwar ta tsaya. Safar hannu da ta ƙafa na roba mai kauri sun fi mini komai amfani, da hular sanyi, don ni daga Nuwamba ba na sa kaina a ruwa. Mu da muke rufe jiki, doguwar rigar iyon nan mai sakin jiki in ta jiƙe tana da wuyar cirewa da hannun da ya sandare, ki nemi mai zif a gaba.

Amma tsaya, ƙanwata, kina da sikila? Ba ki faɗa ba, kuma a cikinmu dole a tambaya. In kina da ita, ki manta da duk abin da na faɗa a kan ruwan sanyi, don sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Haka hawan jini, ciwon zuciya, asma, ko in kina da juna biyu, sai likitarki ta yarda. Akwai wurin iyo na London Fields a Hackney, a fili yake sama a buɗe, mita 50, amma ana ɗumama ruwan duk shekara, sai dai maza da mata ne, ki duba jadawalinsu. Kogi da teku kuma ki bar su a wannan lokaci, musamman bayan ruwan sama mai yawa da ake sako ƙazantar magudana. Awon tsabtar wuraren wanka da hukumar muhalli ke yi daga 15 ga Mayu ne zuwa 30 ga Satumba. Ki tsaya inda akwai masu gadin ruwa.

Hajiyarku kada ki yi musu da ita. Tawa mahaifiyar har yau in muka yi waya sai ta ce sanyi zai shige ni in tsufa a gurguje, mace da aka yi wa wankan jego da tafasasshen ruwa ina za ta fahimci 'yarta tana shiga tafki a hunturu? Ina ce mata to Inna, in yi shiru. Maigida ne ya kamata ki zaunar ki nuna masa akwai masu tsaro, ba ke kaɗai ba ce, kuma minti kaɗan ne. Nawa sai da ya ga bambancin fuskar da nake dawowa da ita sannan ya daina magana, yanzu shi yake cika mini filas.

Na koma kan lambu, don na manta babban abin. Yanzu ne lokacin tafarnuwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ita sanyin take so, in ba ta sha shi na wata ɗaya ko biyu ba kan ba ya rabuwa. Ki sayi ta shuka, ba ta kanti ba, ki ɓare ki dasa 'ya'yan ɗaya-ɗaya, tsinin a sama, tazarar santimita 15, ki binne har tsinin ya ɓace don tsuntsaye suna zaro su. Sai Yuni ko Yuli ki haƙa. Ki sa ƙananan albasa na hunturu, da waken nan mai faɗi da ake yin ful da shi, irin da ake kira Aquadulce Claudia yana jure sanyi, sai dai ɓeraye suna tone shi, ki rufe da raga. Sauran filin ki shimfiɗa kwali ki zuba taki a kai, ko ba komai mai zagayen duba filaye zai ga hannu a wurin. Ƙasar Landan yumɓu ce, in ta jiƙe kada ki taka ta, ki ɗora katako ki bi ta kai. Ganyen bishiya da ke zuba ki tara a buhu ki huda shi, shekara ɗaya zuwa biyu ya zama taki. Duk wannan awa ɗaya ne ranar Asabar bayan azahar, ba kullum ba.

Ina da ragowar tafarnuwar shuka da ta fi ƙarfin filina, da ɗan irin yakuwa na baɗi. Ki yi mini magana ta gefe ki faɗa mini ranar da kike zuwa tafkin, in ta yi daidai da Lahadi da safe sai in kawo miki mu shiga tare.